Karen zango da kyanwar shago su ma suna buƙatar allura

Da daminar bara, wata Laraba bayan la'asar, karya ta ciji ɗan maƙwabcina a nan Agege. Yaron shekararsa bakwai. An aike shi sayen sukari, ya yanke ta bayan wani garejin kanikawa, ya tarar da ita kwance ƙarƙashin wata matacciyar mota tana shayar da 'ya'yanta, ya tsuguna kallo irin na yara. Ta cafke shi a ƙwauri. Cizon bai yi zurfi ba, huda biyu ne da ɗan karce, jinin ma bai jima ba ya tsaya. Uwarsa ta ɗauko aidin za ta shafa masa a wuce wurin.

Ina dawowa daga masallaci na iske su a ƙofar gida. Na ce a kawo sabulu da bokitin ruwa. Muka zaunar da shi a bakin kwata, ana zuba ruwa ana cuɗa ƙafar da kumfa, har sai da minti 15 ya cika a agogon wayata. Uban, wanda mai shayi ne a bakin titi, ya dube ni ya ce, "Haba Malam, a kan wannan ɗan ƙwarzanen za mu tafi asibiti da magaribar nan?" Na ce masa, "Ɗan'uwa, in karyar nan lafiyarta ƙalau, mun yi asarar kuɗin mota. In kuwa tana ɗauke da ciwon haukan kare, ranar da za mu gane babu likitan da zai iya yi mana komai."

Asibitin farko da muka je babu allurar. Suka rubuta mana sunanta a takarda, muka shiga kemis uku kafin mu samu. Kuma ba sau ɗaya ake yi ba. An yi masa a daren, aka ce mu dawo rana ta 3, ta 7, ta 14 da ta 28. Kafin a kammala, jarin shayin ya girgiza, sai da ya karɓi madara da burodi bashi na mako biyu a wurin mai kawo masa kaya.

Washegari muka je garejin da tambaya ɗaya: an taɓa yi wa karyar nan allura? Mai garejin, mutumin kirki, ya ce ai ba tasa ba ce. Wata rana ta shigo ta zauna, yaransa suna jefa mata ragowar abinci, shi kuma bai kore ta ba don tun da ta zo aka daina sace masa batir da daddare. Mai kantin gefe ma ya ce haushinta yana yi masa amfani. Kowa yana cin moriyarta, amma babu mai ita. Muka roƙe su kada a kashe ta, kada a kore ta, a sa mata ido kwana 10, domin karen da cutar ta riga ta sauko masa cikin yawu ba ya wuce waɗannan kwanaki bai nuna alama ko ya mutu ba. Allah ya taimaka, ta cika kwana goman tana ci tana sha. Yaron yana nan lafiya, yana zuwa makaranta.

Da ta yaye 'ya'yanta muka kira wata likitar dabbobi ta yi mata allurar haukan kare. Abin da muka biya bai kai kuɗin allura ɗaya cikin biyar ɗin da aka yi wa yaron ba. Wannan lissafin ne ya tsaya mini a rai har yau, shi ne kuma ya sa na zauna rubuta wannan.

Mu Hausawan Legas mun ɗauki rigakafin karnuka da kyanwoyi a matsayin harkar masu kuɗin Lekki da Ikoyi, alhali dabbobin da suke kwana a tsakiyarmu, a zango, a gareji, a rumfunan Mile 12, a lungunan Idi-Araba da Obalende, su ne lafiyarsu ta shafi 'ya'yanmu kai tsaye. Karen mai kuɗi yana bayan katanga, da katin allurarsa a aljihun tebur. Wanda yaronka zai ci karo da shi a hanyar Islamiyya shi ne wanda ba a taɓa soka masa allura ba tun da aka haife shi. Ra'ayina shi ne rigakafin nan yana iya samuwa da sauƙin kuɗi in mun san abin da ya zama dole da abin da ƙari ne kawai, in kuma mun daina zuwa wurin likita ɗaya bayan ɗaya.

Ciwon haukan kare ba shi da sassauci. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar, ta shiga ta wurin cizo ko karce, ta riƙa bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Kafin nan ciwon ƙafar ya warke, an manta ma da an yi cizo. Sai zazzaɓi ya zo, sai wurin tabon ya fara ƙaiƙayi ko zogi, sai mutum ya riƙa firgita, ga ƙishirwa tana cinsa amma in an miƙo masa kofin ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe. Daga lokacin da alamun nan suka bayyana, kusan babu mai tashi. A wurinmu irin wannan rashin lafiya iska ake ce mata ko sammu, a ɗauki mutum a kai shi gida Arewa, ya rasu a ƙauye, ba wanda zai tuna da karen da ya cije shi a Ikko wata uku baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke kamuwa, kuma huɗu cikin kowane goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, don su ne masu wasa da kwikwiyo, su ne kuma masu ɓoye cizo don tsoron faɗa. Hukumar ta sa matsakaicin kuɗin alluran da ake yi wa mutum bayan cizo a kan dala 108, ban da kuɗin mota da ranakun aikin da aka rasa. A juya wannan zuwa naira a ɗora shi a kan mai shayi ko mai turin baro. Abin takaicin shi ne maganin ba sabo ba ne. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar a Faransa ya tsira, shi ya sa ma ake tunawa da cutar duk ranar 28 ga Satumba, ranar rasuwar Pasteur. Masana kuma sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura aka ci gaba da yi, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa ta mutu a wurin. A kan wannan ne aka kafa burin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon kare kafin 2030. Kashi 70 ɗin nan kuwa ba zai taɓa cika da karnukan cikin katanga kaɗai ba.

Na san dalilin da ya sa mutanenmu ba sa zuwa asibitin dabbobi, don na shiga ɗaya na gani. Sanyin na'ura yana busawa, kantoci cike da abincin kare na ƙasashen waje da sabulun wanka da tsakiyar wuya mai ƙyalli, ga mutane zaune da manyan karnuka masu suna da takardar haihuwa. Mutum ya shigo da riga da hula, da kyanwa a cikin kwalin taliya, tun daga ƙofa zai ji wurin ba nasa ba ne. Kafin a taɓa dabbar za a ce ka yanki kati, ka biya kuɗin ganin likita, sannan a zo maganar allura. In kana Agege ko Ojo, ga kuɗin ɗaukar dabbar, don babu direban danfo da zai yarda ka shiga masa mota da kare.

Duk da haka ba na cikin masu zagin likitocin. Yawancin alluran da suke amfani da su daga waje ake shigowa da su, da dala. Dole su zauna cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8 dare da rana, wanda a garin nan ma'anarsa janareta da man fetur ko sola. Ga hayar shago a Legas. Mutumin da ya yi shekara shida yana karatu a Zariya ko Ibadan ko Sakkwato ko Maiduguri shi ma yana da iyali. Hayaniya da shi ba za ta sauko da farashi ba.

Likitar da ta zo garejin, Bayarbiya ce mai haƙuri, ta faɗa mini wata magana da ban manta ba. Ta ce, "Malam, ku ba kwa kiranmu sai dabba ta kwanta. Lokacin nan kuwa kuɗin ya ninka, kuma sau da yawa ba ta tashi." Na ce mata, "Likita, to ki faɗa mini abin da talaka ba zai iya tsallakewa ba." Abin da ta lissafa bai da yawa.

Na farko allurar haukan kare, ga kare da kyanwa duka, daga wata uku da haihuwa, sannan a sabunta duk shekara. Sai allurar ƙuruciya ta kwikwiyo, wadda ake farawa yana mako shida zuwa takwas, a maimaita bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai wajen mako 16. Ita ce mai kare shi daga cutar da likitoci suke kira fabo, wadda duk wanda ya taɓa riƙe kwikwiyo a Legas ya san ta ko bai san sunanta ba: ya daina cin abinci, ya yi ta amai, sai gudawar jini mai ƙarni, kwana biyu uku ya mutu. Ƙwayar wannan cuta takan yi watanni a cikin ƙasa, shi ya sa za ka ga gida an kawo kwikwiyo uku a jere duk sun mutu iri ɗaya, a ce gidan ne ba ya karɓar kare. Jinyarta kwanaki ne na ƙarin ruwa a asibiti, kuɗin da ya fi na allurar nesa ba kusa ba. A cikin wannan allura ɗaya ake haɗa rigakafin wasu cututtukan, har da wadda ake ɗauka daga fitsarin ɓera a ruwan kwata, mai lalata ƙoda da hanta, wadda mutum ma yana kamuwa da ita. Wanda ya ga yadda lungunanmu suke cika da ruwa a watan Yuni da Yuli ya san wannan ba labarin nesa ba ne. Kyanwa ma tana da tata allurar ƙuruciyar. Bayan waɗannan sai maganin tsutsar ciki duk wata uku, don ƙwan tsutsar yana fita a kashin dabbar ya zauna cikin yashin da yaranmu suke wasa ba takalmi, sai kuma maganin kaska da ƙuma. Sauran abubuwa, irin su abincin gwangwani, man gashi da ƙwayoyin ƙarin kuzari, ga mai hali ne. Karen da yake cin ragowar tuwo da ƙashin mahauta zai rayu lafiya in ya samu waɗancan.

Inda muka fi cutuwa shi ne wurin neman araha ta ɓarauniyar hanya. Akwai masu yawo a kan babur da jaka, suna ce wa kansu likita, su zaro kwalba daga aljihun wando a tsakiyar rana su soka wa kare su karɓi kuɗi. Allurar da ta yini cikin zafin aljihu ƙarfinta yana iya tafiya. Wannan ya fi rashin yi haɗari, domin mai karen ya saki jiki, ranar da ya ciji wani zai rantse an yi masa allura, a fasa kai yaro asibiti. Likitan gaske yana zuwa da akwatin sanyi da ƙanƙara a ciki, yana buɗe kwalbar a gabanka, yana ba ka kati mai kwanan wata da lambar kwalba da sa hannunsa, kuma yana da rajista da majalisar da take kula da aikin likitocin dabbobi ta ƙasa. Tambayarsa lambar rajista ba rashin kunya ba ne, wanda yake da ita da murna zai nuna.

Sai magungunan gida. Na ga an yi wa kare wanka da fiya-fiya don kaska, ya lashe jikinsa, kafin azahar yana dalalar da yawu yana karkarwa. Na ga an shafe mai ƙazuwa da baƙin mai na inji tun daga kai har wutsiya, fata ta ƙone ta ƙara ruɓewa. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne farasitamol. A wurinmu shi ne maganin komai, don haka in kyanwa ta yi lamo sai a ɓalla rabi a jiƙa a ɗura mata da kyakkyawar niyya. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka wasu magungunan kaskar kare guba ne ga kyanwa. Duk wanda ya yi waɗannan yana son dabbarsa ne, ba a dai taɓa gaya masa ba.

Maganar kyanwa ta fi kusa da mu, don kare muna ƙyamarsa, ita kuwa muna kwana ɗaki ɗaya da ita. Akwai wani dattijo mai sayar da wake da shinkafa da nake zama a rumfarsa wani lokaci. Yana da wata kyanwa fara mai baƙin kunne, tana kwanciya a kan buhun da ke kusa da sikeli, in ya yi sallah ta zauna a gefen darduma. Ya ce mini tun da ta zo bai sake ɗinkin buhun da ɓera ya huda ba. Na ce, "Baba, an yi mata allura kuwa?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaro, kyanwa ma ana yi mata?" Shekara fiye da talatin yana nan Kudu, kullum da kyanwa a shagonsa, ba wanda ya taɓa faɗa masa. Kyanwar nan tana fita da dare, tana faɗa da muzurai, tana haɗuwa da karnukan bola, da safe jikokinsa su ɗauke ta su rungume. Yakushinta da cizonta suna iya kawo ciwon nan kamar na kare. Aiki take yi masa, aikin da a ƙasar da zazzaɓin Lassa yake bin ɓera ba ƙarami ba ne. Mai aiki kuwa yana da haƙƙi.

Wata matsalar ita ce haihuwa. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin wata biyu ne da 'yan kwanaki, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Abin da ke biyo baya kowa ya sani: a zuba 'ya'yan a kwali a ajiye a bakin kwata ko a kan bola da asuba, idanunsu ma ba su buɗe ba. Waɗanda suka rayu su ne kyanwoyin titi na gobe, marasa allura. Likita yana iya yi wa muzuru ko kare fiɗiya, ya kuma yi wa mace aikin tsayar da haihuwa, sau ɗaya a rayuwa. Aikin macen ya fi tsada, shi ne ma abin da na fi so a samu tallafi a kansa. Na san wasu suna da shakku ta fuskar addini, kuma malamai ne za su yi bayani, amma mu da muke dandaƙe bunsuru da bajimi don su yi ƙiba bai kamata abin ya zama mana baƙo ba, balle in an auna shi da zubar da rai a kwata.

Tun da an zo kan addini, akwai masu cewa Musulmi ba shi da haɗi da kare, don haka ba ruwanmu da allurarsa. Shari'a ta yarda da riƙe kare don farauta da kiwo da gadin gona, kuma Fulaninmu da mafarautanmu ba su taɓa rabuwa da shi ba. Mun taso muna jin labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ba, da labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa. Abu Huraira ma daga 'yar kyanwa ya samu laƙabinsa. Ko mutum ba ya son ganin kare, kare rai wajibi ne, kuma ran da ake karewa a nan na ɗansa ne. Ba a ce ka shigar da shi ɗaki ba. An ce karen da yake kwana a layinku, wanda kuke jin daɗin haushinsa da tsakar dare, a soka masa allura sau ɗaya a shekara.

Akwai wasu 'yan'uwanmu da abin ya fi shafa fiye da kowa, wato masu gadi. Dubban mutanenmu daga Arewa da Nijar suna tsaron ƙofa a gidajen Ikeja, Magodo, Lekki da Ajah, kuma a mafi yawan gidajen da ke da kare, maigadi ne mai ba shi abinci, mai wanke kejinsa, mai sakinsa da dare ya kama shi da asuba. Shi ne farkon wanda ake ciza. Na san wani ɗan garinmu da karen gidan da yake aiki ya yage masa hannu, aka ba shi kuɗin bandeji aka ce karen yana da allura, bai ga kati ba, bai kuma iya tambaya ba don tsoron a sallame shi. Ya yi wata uku a cikin fargaba. Duk wanda ya ɗora wa maigadi kula da kare, haƙƙi ne a kansa ya nuna masa katin allura, in an yi cizo kuma ya biya kuɗin asibiti har allura ta ƙarshe. Shugabannin masu gadi a kowace unguwa su sa wannan cikin sharuɗɗan da suke gindayawa kafin su ba da mutum.

Hanyar samun sauƙi kuwa mun riga mun san ta, a kan shanu muka koye ta. Kakanninmu sun ga abin da ciwon bushiya ya yi wa garkuna, a wayi gari makiyayi ba shi da ko saniya ɗaya. Saboda shi aka kafa cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato a 1924, aka yi shekaru ana bin ruga-ruga da allura, har a 2011 aka ayyana cewa cutar ta ƙare a duniya baki ɗaya. Ba makiyayi ɗaya ɗaya ne ya riƙa kai saniyarsa birni ba. Ardo ne yake tara mutane, a sa rana, ma'aikata su zo su yi wa garke gaba ɗaya. Cibiyar nan ta Vom tana yin allurar haukan kare a nan gida. Kuma fataken dabbobi na Oko-Oba, wurin mahautar Agege, su sani, mahaukacin kare in ya ciji sa ko rago shi ma ya kamu, asarar kuma tasu ce.

Haka za a yi da karnuka da kyanwoyi. Allurar haukan kare tana zuwa har a kwalba mai ɗaukar dabba 10. In likita ya taso daga Ikeja don kare ɗaya, mai karen ne zai biya kuɗin motarsa da lokacinsa shi kaɗai. In ya tarar da dabba talatin a wuri ɗaya, kuɗin ya rabu talatin, kuma kowane likita zai rage farashi a kan irin wannan ciniki. Mu da muka iya adashi, muka iya haɗa kuɗin kai gawa gida, muka iya haɗa na janaretan masallaci, ba za a ce wannan ya gagare mu ba. Fadar Sarkin Hausawa a kowace unguwa, da shugabannin kasuwa, da sarkin fawa, su ne za su sa ranar. Liman ya faɗa bayan Juma'a, a tura a zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa da muryar Hausa, don da yawanmu sauraro muke yi, ba karatu ba. Karnukan da ba su da mai su, irin ta garejin nan, a ɗora kuɗinsu a kan masu shagunan da suke cin moriyarsu.

Gwamnati ma tana da nata. Ma'aikatar gona ta Jihar Legas tana da sashen kula da lafiyar dabbobi, tana da asibitin dabbobi a Oko-Oba, nan kusa da mu, kuma takan yi gangamin allurar haukan kare kyauta. Mutanenmu da yawa suna wucewa ta gaban asibitin kullum suna zaton na shanu ne kawai. Ya kamata shugabanninmu su naɗa mutum ɗaya wanda aikinsa shi ne bibiyar ranar gangamin ya kawo labari tun da wuri. Abin da nake roƙon hukuma shi ne ta tsayar da rana sananniya a kowace shekara ga kowace babbar kasuwa da zango, yadda mutane za su saba da ita kamar yadda suka saba da zagayen allurar shan inna, a yi shela da Hausa da Yarbanci, a kuma je wa dabbobin inda suke, don ba mai iya ɗaukar karen gareji a keke ya kai shi ofis. Asibitocin ƙananan hukumomi kuma su ajiye allurar mutane, kada uba ya riƙa bin kemis da daddare da yaro a kafaɗa.

A layinmu mun gwada bayan sallar layya. Na bi shago-shago da littafi, wasu suka ba da kuɗi, wasu suka ce sai sun gani. Likitar ta zo ranar Lahadi da safe da akwatin sanyinta da wani yaro mai kama mata. Muka tara karnuka shida da kyanwoyi tara. Kyanwoyin a buhun albasa aka riƙa kawo su, don yana da ƙofofin shan iska kuma ana iya yin allurar ta jikinsa. Guda biyu sun tsere ta kan rufi, ba mu same su ba. Baba mai wake ya zo da tasa da kansa, a naɗe cikin tsohon rawani, ya tsaya yana shafa mata kai har aka gama. Mai shayi shi ya riƙe littafin, yana rubuta kamannin kowace dabba da sunan shagon da take kwana. Katin karyar garejin yana rataye a ƙusa kusa da allon makullai, cikin leda saboda maiƙo, kuma an rubuta watan da za a sake kiran likitar a bayansa.